Baƙin allon Linux ya ishe ni, a taimaka

Sabon Shiga: Salam 'yan uwa. Sati biyu kenan da na sa Ubuntu a laftop ɗina amma wlh baƙin allon nan na terminal, inda ake rubuta umarni, na neman haukata ni, jiya kusan awa guda na ɓata wajen buɗe matsattsen fayil ɗin tar.gz (irin zip) kuma gobe ma mantawa zan yi. Babu wani abu da zan gaya masa buƙatata da magana kawai shi ya haɗo min umarnin?

Ɗan Termux: Wslm. Gwada ShellGPT, manhajar AI ce ta terminal, da pip (mai sauke manhajojin Python) ake saukewa. Ka rubuta sgpt -s sai ka faɗi abin da kake so, zai kawo umarnin ya tambaye ka ya zartar ne, ya yi bayani, ko ya fasa. Sai dai yana son makullin API na kamfanin OpenAI kuma da dala ake biya, ka san halin katunanmu.

Anti Linux: Haba ƙanina, tar -xzf ne fa kawai. Ka sa tldr tukuna, kyauta ne, misalai kaɗan yake ba ka maimakon dogon bayanin man, littafin jagorar Linux. In umarni ya rikita ka liƙa shi a shafin explainshell ya fayyace maka gaɓa-gaɓa.

Sabon Shiga: Anti na gode. Amma su AI ɗin suna jin Hausa kuwa?

Ɗan Termux: Manyan suna ji dai-dai gwargwado. Ƙananan da ake ɗorawa a manhajar Ollama don su yi aiki a kwamfutarka ba data, irin llama3.2 mai kusan 2GB, gsky Hausarsu kame-kame ce, da Turanci nake musu.

Yaya Babba: Ku tsaya in ba ku labari. Na ce wa wani irinsu ya share min hotunan da suka haura kwana 30, ya ba ni find mai -mtime +30 -delete, umarnin lafiyarsa lau, ni ne ban duba ba ashe ina cikin babbar foldar gida ba Downloads ba, na danna Enter hotunan sunan 'yata suka tafi gaba ɗaya, kuma can babu kwandon shara balle ka dawo da su. Har yau uwargida tana min gori.

Anti Linux: Innalillahi, sannu Yaya.

Yaya Babba: Yanzu sai na buga pwd na ga inda nake, in sa -print a madadin -delete in karanta jerin tukuna. Na kuma koma trash-cli mai kai fayil kwandon shara maimakon rm mai gogewa kai tsaye. Duk umarnin da ya fara da sudo, mai ba da cikakken iko kan kwamfuta, kuwa sai na ce AI ɗin ya min bayani.

Sabon Shiga: Toh fa. Bari in fara da tldr ɗin, in NEPA ta kawo wuta, caji saura 9.