Neman shawara: an ba ni aikin bayan dandamali a gasar sarauniyar kyau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina tsara bukukuwa a Kaduna, su kamu da dina. Yanzu wani kamfani a Abuja ya neme ni in riƙe bayan dandamali a gasar sarauniyar kyau, 'yan mata 20, za a haska kai tsaye a talabijin. Kuɗin da kauri. Sai dai ban taɓa irin wannan aikin ba, kuma har yanzu ban gaya wa Baba ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da Baba. Ke 'yar Kaduna ce, shi kuwa bai manta da 2002 ba, lokacin da rikici kan gasar Miss World ya ci rayuka sama da 200 a garinku, har aka ɗauke gasar daga Abuja zuwa Landan. Ko Shatu Garko da ta ci Miss Nigeria a 2021 da hijabinta, ai kin ga surutun da ya biyo baya a Kano. Kar ya ji a bakin wani. In ya ce a'a, ki haƙura.

Anti Zee: Na yi aikin sau biyu a Legas. Ba kamar dina ba ne, inda amarya za ta makara awa biyu a jira ta. Nan minti ɗaya ma ba naki ba ne. Ki karɓi jadawalin fitowa a rubuce, ki haddace lambar kowace yarinya, ki manna tef a ƙasa inda kowacce za ta tsaya. Oba-oba na kunnenki, darakta kaɗai za ki saurara. Wurin canjin kaya ne ake yin gumi: zif ya ɓalle, dunduniyar takalmi ta karye, wata ta yanke jiki ta faɗi saboda tun safe ba ta ci komai ba. Allura da zare, fil, ruwa da dabino, kar su bar jakarki. Ɗakin canjin kuma, mata zalla, babu waya, ko mai kamfanin ne ya tsaya a ƙofa. Yaran nan amana ce a hannunki.

Yaya Sani: Tambaye su ko akwai fitowa da kayan ninkaya. Miss World ma ta soke shi tun 2014. In akwai, ni dai ban ba ki shawara ba. Sannan ki karɓi kafin alƙalami, da yarjejeniya a rubuce.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yau bayan isha'i zan samu Baba, Mama ta ce za ta zauna tare da mu.