Mabuɗin fim: ɓata lokaci ne ko wani ɓangare na labarin?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum. Ni mai tace hoto ne a wani ƙaramin situdiyo da ke Zoo Road, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan sana'a. Mun kammala ɗaukar wani fim mai dogon zango, na kuma shafe kusan mako biyu ina tsara mabuɗinsa, wato wurin da sunan fim da sunayen 'yan wasa da ma'aikata suke fitowa tare da kiɗa. Tsawonsa daƙiƙa 70 ne. Da mai shiryawa ya gani sai ya ce in mayar da shi daƙiƙa 10, domin a ganinsa mai kallo a YouTube ba ya jira, tsallakewa zai yi. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Shin mabuɗi yana da tasiri na gaske a kan mai kallo, ko kuwa aiki nake yi wanda babu mai lura da shi?

Malamin Zane, Kabuga:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, aikinka ba na banza ba ne, kuma manyan masu fim sun daɗe da gane haka. Alfred Hitchcock kansa da zana allunan rubutu na finafinan da ba su da sauti ya fara aiki a Landan, kafin ya zama darakta. Amma wanda ya ɗaga darajar mabuɗi shi ne Saul Bass, mai zane ɗan Amurka. A 1955 ya tsara mabuɗin The Man with the Golden Arm, fim a kan mutumin da shan miyagun ƙwayoyi ya kama, kuma bai nuna fuskar jarumi ko ɗaya ba. Fararen layuka ne kawai suke shigowa a kan baƙin allo suna bin kiɗa, har suka haɗu suka zama hannu karkatacce mai kama da wanda ya karye. Kafin a furta kalma ɗaya, mai kallo ya riga ya ji a jikinsa cewa labarin wahala zai gani. A fim ɗin Psycho na 1960 kuma ya sa layuka suna tsaga sunayen suna raba su biyu, saboda labarin na mutum ne mai rabuwar hankali.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, Bass bai yi wa sunaye ado ba, ya nemo jigon labarin ne ya mayar da shi siffa guda. A nan ne nake ganin muke da rauni. Yawancin mabuɗanmu 'yan wasa ne suke juyowa ɗaya bayan ɗaya suna murmushi, da harafi mai ƙyalƙyali wanda aka ɗauko a shirye daga kwamfuta, har ka kasa bambance na soyayya da na sarauta. Alhali ga zanen bangon Gidan Makama, ga zayyanar da mahaddata suke yi a Alƙur'ani rubutun hannu, ga aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga shunin karofin Ƙofar Mata. Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kuma shi ne rashin haruffa masu ƙugiya, inda za ka ga an rubuta sunan fim na Hausa ba tare da ɗ ko ƙ ko ɓ ba, saboda salon harafin da aka zaɓa ba shi da su.

Dattijon Fagge:
Ɗana, ni ban san fasahar ba, ɗan kallo ne kawai tun zamanin da muke cika gidajen sinima na Plaza da Orion da El Dorado. Abin da zan shaida shi ne, mabuɗi yana zama a ƙwaƙwalwa fiye da yadda ake zato. Na manta labaran finafinan James Bond da yawa, amma ban manta da'irar bakin bindigar nan da yake shigowa cikinta ya juyo ya harba ba, wadda Maurice Binder ya ƙirƙira tun a Dr. No na 1962. Tsofaffin finafinan Indiya kuwa sukan rubuta sunan fim da rubutu uku, na boko da na Hindi da na Urdu, kuma mu da muka yi makarantar allo mukan yi ƙoƙarin haɗa baƙaƙen na Urdu domin sun yi kama da ajaminmu. Tun daga lokacin nake mamakin abin da ya hana a riƙa sa ajami kusa da boko a sunan fim ɗin Hausa.

'Yar Tarauni:
Malam, ina tare da kai a kan darajar aikin, amma a yi wa mai shiryawa adalci. Wanda ya biya kuɗin tikiti ya zauna a sinima ba shi da inda za shi, shi kuwa mai kallo a waya da datarsa yake biyan kowace daƙiƙa. Netflix, manhajar kallon finafinai, ma tun 2017 ta sa maɓallin tsallake mabuɗi, saboda ta ga yadda masu kallon shiri mai dogon zango suke yi. Mu ne kuma muka koya wa mutane tsallakewa, da dogon jerin godiya ga iyayen gida da masu otal da masu ba da aron mota kafin a ga komai. Shawarata, ɗan'uwa, ka mayar da godiya da sunayen sauran ma'aikata ƙarshe, ka fara da fitowa ɗaya mai ɗaukar hankali, sannan mabuɗin ya shigo. Ka bar cikakkensa a kashi na farko, ka yi gajere ga sauran. Idan kuma kana son a daina tsallakewa, duba dabarar shiri mai dogon zango na Game of Thrones, wanda taswirar mabuɗinsa take sauyawa gwargwadon garuruwan da labarin zai je, har mai kallo ya ga akwai abin da zai rasa idan bai tsaya ba.

Ɗan Gwammaja:
Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Na sake kallon nawa a daren jiya, na ga lallai fiye da rabinsa fuskokin 'yan wasa ne kawai. Labarinmu a kan rikicin gado ne tsakanin 'yan uba, don haka ina tunanin in nuna hannu yana rubuta sunayen da tawada a takardar rabon gado, takardar tana yagewa kaɗan kaɗan daga kashi zuwa kashi. Zan gwada daƙiƙa 40 a kashin farko da 15 a sauran, in kai wa mai shiryawa. Baba na Fagge, zan sa ajamin. Malam, wane salon harafi kake amfani da shi wanda yake da masu ƙugiya duka, manya da ƙanana?