Waɗanda suka yi makarantar kwana a Damagaram, me kuke tunawa?

Ɗan Tanut:

Assalamu alaikum jama'a. Ɗiyar wana ta gama firamare, za ta shiga sizyam, wato ajin farko na kwaleji, an kuma ce akwai wuri a makarantar kwana ta 'yan mata. Yaya ya ce sam, ɗiyarsa ba za ta kwana a inda ba ya ganin ta ba. Ya kira ni don ni kaɗai na yi lekol a gidanmu, sai na rasa ta cewa.

Ni dai an kawo ni Damagaram zamanin mulkin shugaba Kunce a bayan babbar mota, da akwatin ƙarfe da tabarma da cukun da inna ta ƙulle mini a tsumma. Ban taɓa kwana kan gadon ƙarfe ba sai a dortuwar, ɗakin kwanan ɗalibai. Daren farko na kasa barci, fitilar waje na haska mini ido, wani yaro daga Gure yana ta kuka da Barbarci a ƙarƙashin bargo. Shi ne ya zama aminina har yau. Da asuba sirbeyan, mai kula da ɗalibai, ke buga ƙarfen tayar mota, mu yi layin koko. Tuwon jar dawa kuwa, wadda aka kawo taimako lokacin yunwar 1984 da muke kira El Buhari, har yanzu in na tuna warinsa sai na ji a maƙogwaro. Amma kullum ana ɗora tukunya, alhali a garinmu wasu gidajen sun watse sun yi kudu. Shi ya sa ban iya zagin makarantar kwana, ban kuma iya yabon ta da dukan bakina. Ku da kuka yi, musamman mata, za ku kai naku?

Mushe Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam Ɗan Tanut. Ka manta babban abu: ruwa! Garin nan bisa duwatsu yake, ruwan famfo daga Arunguza da Gogo ake turo shi, da bazara kuma sai a yini famfo bai ɗiga ba. Bokiti guda nake samu, a ciki zan yi wanka, in wanke rigar kaki, in rage na alwala. Wanda ya bar bokitinsa a ƙarƙashin gado bai rufe ba, da safe ya tarar da rabi, kuma ba wanda ya gani.

Manyan aji su ma sun gasa mu. Ka wanke wa ɗan tarwaziyam, wato ɗan ajin ƙarshe na kwaleji, kaya, ka kama masa wuri a gidan abinci, in ranar nama ce tsokarka tasa ce. Da muka girma mu ma muka yi wa na baya, Allah ya yafe mu. Daɗin kuwa ranar Lahadi ne, in an ba da izinin fita. Mu taka har kasuwar Dole, mai dala biyar ya sayi ƙuli-ƙuli da garin rogo na mako, mu biya ta Birni mu kalli dogarai a ƙofar fada da jajayen rigunansu, mu dawo kafin magariba. A ɗakin karatun yamma na koyi lissafin da na ci abinci da shi har na yi ritaya, don a gida ba fitila, ba mai tambayar ka ko ka yi aikinka.

'Yar Matamaye:

Yaya Ɗan Tanut, ni ban samu kwana ba, lokacinmu ba a yi a inda aka tura ni. Gidan wani abokin cinikin babanmu aka ajiye ni a Zango. Mutanen kirki ne, ba su taɓa hana ni abinci ba, amma ni ce mai ɗebo ruwa, ni ce mai wanke-wanke, ni ce mai goyon yaro. In na buɗe littafi bayan isha'i sai uwar gida ta ce a kashe fitila, kananzir ya yi tsada. Mu da muka zo daga ƙauye tare, yawancinmu ba su kai BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, ba. Wata an mayar da ita gida an yi mata aure tana sankiyam, aji na biyu na kwaleji, wata ta gaji da kanta ta bi motar kasuwa ta koma. To ka tambayi Yaya: in ba kwanan ba, ina yarinyar za ta zauna? In akwai kwaleji a garinku, ta zauna gaban uwarta, ya fi. In babu, zaɓi tsakanin kwana ne da gidan mutane, ni kuwa na san gidan mutane. Abin da ya sa gwamnatin tsohon shugaba Bazoum ta fara gina wa 'yan matan karkara irin waɗannan makarantu ke nan, kamar ta Kelle a yankin Gure.

Ba-Mirye:

Hajiya kin faɗi gaskiya, amma kada a sa Yaya ya zama kamar mai ƙin karatu. Uba ne. Ni ina da shekara 12 aka kai ni, na dawo hutun farko ina jin kunyar cin tuwo a akushi ɗaya da ƙannena, ina gyara wa tsohona magana. Sai da kakata ta ce, wannan yaron an musanya mana shi a birni. Na daɗe kafin na sake sabawa da gona. Shawarata, ku ɗauki Yaya da uwar yarinyar ku je su ga wurin da idonsu: wace ce ke kwana da yaran, ina suke samun ruwa, akwai katanga, in yarinya ta yi zazzaɓi da dare wa ke kai ta likita.

Ɗan Tanut:

Na gode ƙwarai. Mushe, ashe kai ne irin masu cinye mana nama! Hajiya, garinmu babu kwaleji, mafi kusa sai an yi tafiyar yini a amalanke. Zan kira Yaya bayan sallar Juma'a in ce ya shirya mu je tare da matarsa, kuɗin mota a kaina.