Jirgin da ke shuka daji: wane suna za mu raɗa masa?

1/ Jiya na zauna rubuta labarin jiragen nan da ake farfaɗo da daji da su, sai alƙalami ya cije tun a layin farko. Bature na cewa drone. Yaranmu masu ɗaukar hoton biki na cewa duron. Gidajen rediyo na cewa jirgi mara matuƙi. Babu wanda ya kwanta mini a rai. Malamai, ku matso mu raɗa wa jaririn nan suna.

2/ Ga aikin tukuna. A gaɓar tekun ƙasar Miyanma, can nahiyar Asiya, akwai itatuwan da ke tsirowa cikin taɓo da ruwan gishiri, irin na Neja Delta, su ne ke tare wa ƙauyuka igiyar ruwa. An sare da yawa, an yi gawayi da gonakin shinkafa. Guguwar Nargis ta 2008 kuwa ta ci mutum sama da 130,000 a yankin. A 2018 kamfanin BioCarbon Engineering na Ingila ya gwada shuka su ta sama, kudu da birnin Yangon. Jirgi ɗaya ya fara zagaye yana ɗaukar hoton ƙasa, a fitar da taswirar inda iri zai kama. Na biyu ya biyo ƙasa-ƙasa yana harba irin cikin taɓon da mutum zai nutse har gwiwa. A Kanada ma kamfanin Flash Forest na yin haka a dazukan da gobara ta cinye.

3/ "Mara matuƙi" dai ba gaskiya ba ne. Matuƙi na nan, yana tsaye a ƙasa, shi ya tsara hanya, shi zai sha tambaya idan abu ya faɗo. Sannan sunan ya riga ya sha jini a kunnen Bahaushe. Wanda ya ji labarin Tudun Biri a Disamban 2023, inda irin wannan jirgin ya jefa wa masu Mauludi bam, ko wanda ya zauna kusa da sansanin jirage marasa matuƙi na Amurka a Agadas kafin su tashi a 2024, ka ce masa gobe jirgi mara matuƙi zai bi ta saman gonarsa, ka ga ko zai kwana a gida.

4/ Wani ya tuna mini "kurman jirgi". Allah ya ƙara sani, Malam, amma kurma ba ya jin kira, wannan kuwa daga nesa ake juya shi, ya fi ɗan cikinka jin magana.

5/ Wata Hajiya ta kawo "mazari", saboda yadda yake tsayawa cak a iska yana karkarwa. Ya yi daɗin baki ƙwarai. Asalin kalmar Turancin ma sunan namijin ƙudan zuma ne, to ƙwaro ba baƙo ba ne a zancen. Sai dai na ji tsoron tsohuwa ta ɗauka za a kawo mata abin kaɗi. "Jirgi mai linzami" kuma ya yi kusa da makami mai linzami, mun koma gidan jiya.

6/ Ni ga nawa: jirgin aike. Ka ba shi saƙo, ya kai, ya dawo wurin wanda ya aike shi. Haka kamfanin Zipline ke kai jini da magani asibitoci da shi a Gana tun 2019, a Kaduna tun 2022. Jam'insa ba ya wahala, jiragen aike. Idan ana son bambancewa sai a bi aikin: jirgin shuka, jirgin feshi, jirgin hoto.

7/ Inda na fi kafewa shi ne kalmar dashe. Ina ta ganin ana rubuta wai jirgi ya dasa itatuwa dubu kaza a yini. Bai dasa ko ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa noman albasa ko tumatir ya san dashe: ka yi reno, ka ciro tsiro da saiwarsa, ka kafa shi, ka ba shi ruwa. Abin da jirgin nan ke yi shuka ce, har ta fi kama da binne, a sa iri a jira sama. Irin kuma ana cure shi ne da taki da ɗan abin riƙe danshi, wani lokaci da abin korar ɓera. To me ya hana mu ce curin iri, kamar curin fura? Bambancin ba na ƙawa ba ne. Curi dubu ba itace dubu ba ne, tsuntsu zai tsince, ɓera zai kwashe, rana za ta ƙone wasu. Kamfani na ƙirga abin da ya harba. Idan muka ce dashe, mun taya shi talla kyauta.

8/ Wani yayana daga Maradi ya ce su ba su jira jirgi ba, kuma gaskiyarsa. Tun shekarun 1980, zamanin Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya da ya yi aiki a can, manoma suka daina tumɓuke kututture, suna barin tohon gawo da kalgo su tashi, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo. Ka ji sunan da aka sa wa dabarar: sassaben zamani. Ba a ce noma mara gatari ba. Da aikin aka kira ta, ba da abin da ta rasa ba, shi ya sa ta zauna a baki.

9/ To ga yadda zan buɗe labarin: "Jirgin aike ya shuka curin iri a gaɓar tekun Miyanma." Mai riƙe da na'urar a ƙasa matuƙi zan kira shi. Duron kuwa na bar wa masu hoton biki, na san ko na hana ba za su ji ba. Hajiya har yanzu tana kan mazarinta, ta ce sai an kaɗa ƙuri'a.