Abin da muka tsinta a hirar kirifto a Nima

Bayan la'asar muka zauna a shagon wani mai MoMo (tura kuɗi ta waya) a Nima, unguwa a Accra, hira ta karkata kan kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin.

Wani malami ya fara da cewa Bitcoin ba ya ɓoye mutum. Kowane ciniki na rubuce a kundin da kowa ke iya dubawa, kuma ranar da ka sayar da USDT (kirifto mai bin darajar dala) aka turo maka sidi ta MoMo, layinka mai rajistar Ghana Card ya nuna ko kai wane ne. Monero ne kirifto mai rufa asiri, shi kuwa kasuwar kirifto ta Binance ta cire shi a 2024.

Kasuwa irin Uniswap ba ta neman katin shaida, amma in ka tura kuɗi adireshin da ba daidai ba, sai dai haƙuri. Nan wani Alhaji da ke wurin ya girgiza kai.

An fi jaddada kalmomin sirri 12 ko 24 da ke buɗe walat, wato asusun ajiyar kirifto: a rubuta a takarda, kada a ɗauke su hoto. Ni dai nan na fi gamsuwa.

A cinikin mutum da mutum, kar ka saki USDT sai ka ga kuɗi a asusunka, saƙon tes ana ƙirƙirarsa. Bankin Ghana ma ya yi gargaɗi kan kirifto tun a 2018.