Wane wasan waƙa ne ya ƙi fita daga ranku?

Auta: Salamu alaikum manya. Ina hutu ne, ina neman bidiyon wasannin da mawaƙa suka yi a gaban jama'a, ba na situdiyo ba. Wanne zan fara da shi? Kuma a faɗa min dalili, kar a jefo min suna kawai a wuce.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Nemi na ƙungiyar mawaƙa ta Queen a bikin tara tallafi na Live Aid, filin Wembley da ke Landan, 13 ga Yuli 1985. Minti ashirin da ɗoriya ne kacal. Ki lura da inda mawaƙinsu Freddie Mercury ya tsaya yana jan murya, mutum 72,000 suna yi masa amshi, ba kiɗa ba komai. Duk lokacin da na kalli wurin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Kawu: Wannan kowa shi yake faɗa. Ni Bob Marley zan ba ki, a filin Rufaro da ke Harare, daren samun 'yancin Zimbabwe, Afrilun 1980. Mutanen da aka bari a waje suka kutso ciki, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, masu amshinsa suka sauka daga dandamali, shi ko yana tsaye yana ta waƙarsa. Sautin ba wani kyau ne da shi ba, gaskiya. Amma waɗanda suka sha hayaƙin nan har su mutu ba za su manta ba.

Maman Ikram: Kawu ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Wasan da komai ya tafi sumul sai ka manta shi bayan mako. Na taɓa zuwa wani, ana tsakiyar waƙa wuta ta ɗauke, lasifika suka yi ɗif. Mawaƙiyar ta ajiye makirufo, ta matso bakin dandamali ta ci gaba da muryarta zalla. Mu na baya ba ma jin ta sosai, sai na gaba suka kama, waƙar ta riƙa gangarowa layi-layi har ta iso mu. Wata mata da ban sani ba ta riƙe min hannu tana hawaye. Yau ko za a kashe ni ban tuna waƙoƙin da aka yi bayan wuta ta dawo ba.

Baban Khalifa: To ai in haka ne a ƙara mata da Tracy Chapman, 1988, bikin cikar Mandela shekara 70, shi ma a Wembley. Wani abu ya ɓace a kayan kiɗan Stevie Wonder, aka sake turo ta ta cike gurbi, ita da jitarta kaɗai. Da farko muryar har rawa take yi.

Kawu: Da makaɗin piyano Keith Jarrett a Kolon ta Jamus, Janairun 1975. An kawo masa piyanon da ba shi ya nema ba, ƙarami, mai matsala, ga ciwon baya, ga rashin barci. Ya so ya fasa. Da ya zauna sai ya riƙa kauce wa maɓallan da ba su da lafiya, yana ƙirƙirar kiɗan nan take. Sauti ne kawai, babu hoto.

Hajiya Babba: Ku yara kun tsaya a Turawa. Auta, nemi Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar. A zamaninta, Alhamis ta farkon wata take wasanta, rediyon Masar na watsawa kai tsaye. Waƙa ɗaya kan ci awa guda, don baiti ɗaya za ta yi ta maimaitawa, kowane karo da salon da ya bambanta, jama'a na ihu suna roƙon ta sake. Su suke juya ta, ita ma tana juya su. Kada ki kalla kina gaggawa, kuma kada ki matsar da shi gaba.

Auta: Awa guda, Hajiya? Tab. Zan fara da na minti ashirin ɗin tukuna.

Hajiya Babba: Ki fara. Ranar Alhamis zan tambaye ki na Ummu Kulsum.