Accrington Stanley: dawowa ta yi, ko suna aka ara?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan gida. Ina da magana kan Accrington Stanley, ƙaramar ƙungiyar nan ta yankin Lancashire a Ingila. Duk wanda ya tashi ba da labarinta sai ya ce wai ta fice daga lig a 1962, ta yi shekara 44 tana gararamba a ƙananan gasanni, sannan ta dawo a 2006. Ni kuwa na ce babu wadda ta dawo. Wadda ta fice ta mutu murus a 1966. Wannan ta yanzu a 1968 aka kafa ta, filinta daban, masu ita daban, takardunta daban. Suna kawai ta ɗauka. Wanda bai yarda ba ya fito fili.

Na Jos: Wa alaikumus salam. Kai Ɗan Fagge ka ji tsoron Allah. Ƙungiyar da ke cikin sha biyun da suka kafa lig ɗin Ingila a 1888 ita kake kira sabuwa?

Malam Na Zariya: A'a Na Jos, nan kam ka haɗa abu biyu. Wadda ke cikin sha biyun farko Accrington ce zalla, babu Stanley a sunanta. Ta bar lig a 1893, ba a jima ba ta wargaje. Ita Stanley ƙungiyar unguwa ce da ta soma a 1891 da sunan Stanley Villa, daga baya ta ɗora sunan garin a gaba. Ba ta shiga lig ba sai 1921, lokacin da aka buɗe rukuni na uku na arewa. Ta 1888 ba ta cikin wannan rigimar, a bar ta ta huta.

Na Jos: To Malam, na janye wannan. Amma dai ban bi Ɗan Fagge ba.

Kawu Mai Rediyo: Yaro, kafin ka yanke hukunci ka fara sanin yadda abin ya faru. Garin Accrington mutanensa ba su wuce 35,000 da 'yan kai ba, garin masaƙu ne da jan bulo. Blackburn na gefe guda, Burnley na ɗaya gefen, kowacce tafiyar 'yan mintuna ce a mota, kuma kowacce na da babbar ƙungiya mai janye 'yan kallo. Duk da haka a shekarun 1950, ƙarƙashin koci Walter Galbraith, Stanley ta yi tashe a filinta na Peel Park, ta zo ta biyu a rukuninta a 1955, aka sake zuwa na biyu a 1958. Dadin wannan ne ya ɗebe su suka sayo wata tsohuwar rumfar 'yan kallo tun daga Aldershot can kudu. Kuɗin kwance ta da ɗauko ta da sake kafa ta ya fi ƙarfinsu. A 1960 suka faɗa rukuni na huɗu, 'yan kallo suka ja baya, bashi ya haura fam 60,000. Aka gayyato Bob Lord, shugaban Burnley, wai ya taimaka, sai ya ba da shawarar a rufe shago. A watan Maris na 1962 aka aika wa hukumar lig takardar janyewa. Wasansu na ƙarshe na lig a Crewe ne, aka zuba musu 4 da nema.

Ga inda nake so ka tsaya: da labari ya bazu, mutanen gari suka tashi, aka fara samun masu cewa za su kawo kuɗi, aka nemi a janye takardar. Hukumar lig ta ce alƙalami ya bushe. Aka share wasanni 33 da suka buga a kakar kamar ba a yi ba. Wato ba mutanen gari ne suka yar da ƙungiyarsu ba, 'yan tsirarun daraktoci ne suka yi gaggawa. To waɗannan mutanen da aka yi wa haka, su ne suka zauna a 1968 suka sake kafa ta, suka fara wasa a filin Crown Ground a 1970 da jar riga irin ta da. Ka ce musu ba tasu ba ce?

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, labari ya yi daɗi. Amma Kawu ka tsallake shekara huɗu. Bayan 1962 tsohuwar ƙungiyar ba ta mutu nan take ba, ta ci gaba da buga gasar yankin Lancashire har 1966. Ina masoyan nan suke a lokacin? Da sun cika filin da ba ta rufe ba. Daga 1966 zuwa 1970 kuma babu wata Stanley da ta taɓa ƙwallo a duniya. Igiya ta tsinke, Kawu.

Maman Ilham: Ni dai ban san wannan ƙungiyar ba sai yau da kuka cika mana waya. Amma yadda na fahimta, takwara ce. In kaka ya rasu aka haifi jika aka sa masa sunansa, gida kowa zai ce masa Baba ko Abba, har matan gidan su riƙa jin nauyin kiran sunan. Amma babu mai cewa tsohon ne ya tashi daga kabari.

Malam Na Zariya: Hajiya kin kawo hanya, bari in ƙarasa miki. Jika yana iya cin gado, amma a shari'a ba a raba gado sai an biya bashin mamaci. Sabuwar ƙungiyar sabon kamfani ce, bashin tsohuwar bai hau kanta ba. Waɗanda suka biyo tsohuwar kuɗi ba su da ikon zuwa Crown Ground su ce a biya su. To wanda bai ɗauki bashi ba, da wane baki zai ce tarihin nasa ne? A nan nake ganin Ɗan Fagge yana da ƙafar tsayawa.

Na Jos: Malam, in haka ne ai ka rushe rabin ƙwallon Turai. Rangers ta Glasgow kamfaninta ya durƙushe a 2012, aka kafa sabo, ta fara daga rukuni na huɗu na Scotland. Je ka filinsu na Ibrox ka ce musu kofunansu na baya ba nasu ba ne, ka ga ko za ka fito da hularka.

Ɗan Fagge: Yayana, Rangers ko kaka ɗaya ba ta tsallake ba, kuma filinta bai canja ba. Duk da haka har gobe magoya bayan Celtic, abokiyar hamayyarta, ba su yarda ba. Ina ga wadda ta bar fili, ta bar komai? Peel Park yanzu fili ne kawai a gefen wata makarantar firamare.

Kawu Mai Rediyo: To ku saurari na Wimbledon, shi ne ya fi kama da hukunci. An ɗauke ƙungiyar daga Landan zuwa Milton Keynes a 2003, aka canja mata suna zuwa MK Dons a 2004. Gurbi ɗaya a lig, 'yan wasa ɗaya. In takarda ce ƙungiya, kofin FA da Wimbledon ta ci a 1988 na MK Dons ne ba gardama. Amma a 2007 sai da suka mayar da kayan tarihin ga ƙaramar hukumar Merton, unguwar da ƙungiyar ta fito, suka daina ƙirga tarihinsu daga can. Magoya bayan da suka kafa AFC Wimbledon a 2002 daga ƙasan ƙasa, su duniya ke kallo a matsayin masu tarihin. Kun ga ke nan su kansu Turawan da suka ƙago rajistar kamfani, da abin ya zo gabansu gari suka bi.

Malam Na Zariya: Wannan hujja ce mai nauyi Kawu, ban musa ba. Sai dai ka lura, hukumar unguwa aka miƙa wa kayan, ba sabuwar ƙungiyar kai tsaye ba.

Maman Ilham: Wai ni kam me ya sa duk Ingila aka san sunanta in ƙarama ce haka?

Na Jos: Tallar madara ce Hajiya, ta 1989. Yara biyu masu son Liverpool, ɗaya ya ce wai Ian Rush, ɗan wasan Liverpool, ya gaya masa in bai sha madara ba, in ya girma sai dai ya buga wa Accrington Stanley. Ɗayan ya tambaya su wane ne kuma waɗannan, ya ce masa to ka gani. Shi ke nan suka zama abin tsokana. Ni abin da ya fi burge ni ma Oxford United ce. Ita aka bai wa gurbin Stanley a 1962. A 2006 da koci John Coleman ya ciyo wa Stanley gasar da ake haurowa lig daga cikinta, cikin waɗanda suka faɗo suka ba su wuri har da Oxford. Ɗan Fagge, in ba ƙungiya ɗaya ba ce, ina daɗin wannan labarin?

Ɗan Fagge: Daɗin labari ba hujja ba ne. Ni ma ina jinjina wa Coleman, ya karɓe su a 1999 suna can ƙasa, ya kai su lig, ya tafi ya dawo, ya ɗauki kofin rukuni na huɗu a 2018 da Billy Kee yana zura musu ƙwallaye. Wannan aikin na 'yan 1968 ne, kuma ya ishe su alfahari, don tsohuwar ba ta taɓa ɗaukar kofin wani rukuni na lig ba. Amma ga tambayata ga Kawu. A 2009 hukumar haraji ta biyo su fam 308,000, aka kai su kotu za a rufe su. Magoya baya suka yi ta karo-karo, ɗan kasuwa Ilyas Khan ya sa hannu aka biya. A 2015 ɗan kasuwa Andy Holt ya zo ya sake share musu wani bashin. In da gaske ƙungiya ba ta mutuwa matuƙar gari na nan, me ya sa suka tayar da hankalinsu? Ai sai su bari a rufe, gobe su sake buɗewa da suna ɗaya.

Kawu Mai Rediyo: Saboda sun san kuɗin da aka biya a karon farko: shekara 44. Wanda ke ɗan shekara ashirin ranar wasan Crewe, sai da ya haura sittin kafin ya sake ganin garinsa a lig, da yawa kuma ba su kai ba. Tsoron wannan ne ya tashe su, ba tsoron canjin takarda ba. Kai bari in dawo da kai gida. Raccah Rovers ta Kano ta ci lig ɗin Najeriya a 1978, yau babu ita. In gobe tsofaffin 'yan wasanta da 'ya'yan magoya bayanta suka taru suka tashe ta, suka fara daga gasar jiha, za ka tsaya a ƙofar fili ka ce musu ba Raccah ba ce?

Ɗan Fagge: Zan shiga in kalla Kawu, har rigar zan saya. Amma kofin 1978 ba zan rubuta musu shi ba.

Malam Na Zariya: To wa za ka rubuta wa?

Ɗan Fagge: Waɗanda suka ci shi.

Kawu Mai Rediyo: Ai su ne za su zauna a kujerun gaba ranar buɗewa. Sai ka je ka gaya musu da bakinka.